Makaho Ba Lasifika Yake Nema Ba

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin masu gina shafukan intanet da manyan ofisoshin da ke ba su kwangila: wai da zarar an liƙa ɗan maɓalli mai hoton lasifika a saman shafi, wanda in an taɓa zai karanto rubutun da murya, to an sallami makafi, an sauke nauyi. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma cutarwarta ta fi amfaninta, domin tana kwantar wa masu gani hankali alhali makaho na nan tsaye a waje.

Wa zai nuna masa inda maɓallin yake? Duk makahon da ya iya lalubo shi da kansa, da ma yana da manhajar da ke karanta masa allo. TalkBack na cikin wayoyin Android, VoiceOver na cikin iPhone tun 2009, NVDA kuma kyauta ake sauke ta a kwamfuta, aikin wasu makafi biyu ne 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, wanda aka faro a 2006. Da irin waɗannan manhajoji mutum ke tsallakawa daga wannan kanu zuwa wancan, ya ji cewa nan gurbin suna ne, can na ranar haihuwa, ga kuma inda ake aikawa. Sai dai ba su da ta cewa sai abin da magini ya tanada a cikin shafin. Gurbin da ba a raɗa wa suna ba, manhaja ba ta san na mene ne ba. Sanarwar da aka ɗauka a hoto aka ɗora, shiru za ta yi a kanta. In aka kai ga gwajin nan na zaɓo hotunan mota don tabbatar da cewa kai mutum ne, tafiya ta ƙare. Maɓallin murya bai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tamkar a rataya lasifika ne a jikin ƙofar da aka garƙame da kwaɗo.

Kada wani ya ce wannan damuwar Turai ce. A Tignère, hedkwatar Faro-et-Déo a jihar Adamawa ta Kamaru, hidimomin yau da kullum suna ta komawa cikin waya kamar yadda suke komawa a Garwa da Ngaundere. Tun 2021 neman fasfo a Kamaru daga intanet yake farawa. Kuɗin da ɗa ke turo wa mahaifinsa daga Duwala ta MoMo ko Orange Money yake zuwa. Makanta kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa tamu. Kwarin kogin Vina ya yi ƙaurin suna da makantar da ƙudan bakin rafi ke haddasawa, wadda ake yaƙa da ƙwayar Mectizan, amosanin ido ya daɗe yana ɓarna a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, ga yanar ido da ke rufe wa dattawa gani. Wanda ya makance da girmansa da wuya ka same shi ya iya rubutun makafi. Kunnensa da yatsansa su ne jarinsa.

Da ka faɗi haka sai a ce maka, ai yana da ɗan jagora. Wannan ita ce uwar matsalar, maɓallin lasifika ɗanta ne. Ɗan jagoran nan yaro ne da ya kamata a ce yana aji. Kuma me ake nufi da a karanta maka? Ana nufin magidanci ya miƙa wa ɗan shekara goma lambar sirrin asusunsa, mace ta bari maƙwabci ya karanta mata saƙon asibiti. Wane mai gani ne zai yarda a tona masa asiri haka kullum? Mu da muka tashi muna jin labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya yi ladanci a Madina, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha bar wa riƙon gari, bai dace mu ɗauki makaho a matsayin wanda sai an yi masa komai ba.

Murya tana da amfani, babu musu. Tsohon da ganinsa ya yi rauni da wanda bai yi boko ba za su ji daɗin a karanta musu. Amma da wane harshe? A kasuwar Tignère Fulatanci da Hausa ake ciniki da su, muryar shafin kuwa Faransanci ko Turanci take yi, kuma in ta ci karo da rubutun Hausa sai ta dagula shi. Shi ya sa mutanenmu suka rungumi saƙon murya na WhatsApp, inda suke jin harshensu daga bakin ɗan'uwansu. Fasahar ma akwai ta: a 2023 kamfanin Meta ya fitar da muryoyin na'ura na harsuna sama da 1,100, har da Hausa. Jami'o'in Ngaundere da Garwa suna da ɗaliban da za su iya naɗar muryoyin mutanenmu su ɗora a kan wannan aiki. A nan ya kamata kuɗi su tafi.

Masu cewa babu kuɗi su sani raɗa wa gurbi suna da rubuta bayanin hoto ba sa cin ko sefa ɗaya. Ƙa'idojin WCAG na gina shafi yadda kowa zai iya shiga suna nan a fili, kyauta, tun 1999. Shafin da aka gina a kansu, ba tarkacen hotuna, ya fi saurin buɗewa a inda sabis ke ɗaukewa, wato mai gani ma ya ƙaru. Kayan liƙe-liƙen ne ke cin kuɗi. A 2025 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin accessiBe biyan dala miliyan 1 saboda iƙirarin cewa manhajarsa kaɗai za ta daidaita kowane shafi da waɗannan ƙa'idoji.

Batun nan na haƙƙi ne. Kamaru tana da dokar 13 ga Afrilu 2010 ta kare masu buƙata ta musamman, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙinsu ya ambaci intanet ƙarara. Saboda haka duk ofishin da ya ba da kwangilar shafi, daga ma'aikatar Yawunde har zuwa ofishin magajin gari, kada ya biya ɗan kwangila sai makaho ya zauna da wayarsa ya cike fom daga farko har ƙarshe ba tare da kowa ya taɓa masa ba. Masu yin gwajin ba su yi wuyar samu ba, ƙungiyar CJARC ta Coco Bertin a Yawunde ta daɗe tana horar da makafi. A kira su, a biya su ladan aikinsu, a kuma gyara duk inda suka nuna, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.