NA ƘARSHE MA ƊAN TSERE NE

Masu iya magana sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma mu 'yan makaranta mun ɗauki wata ɗabi'a, in mun ga ba za mu zo na ɗaya ba, sai mu ƙi gwadawar ɗungum. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin wani irin tseren keke da ake yi a ƙasashen Turai, da yadda ƙananan ƙungiyoyinsa suke shafe wata biyar suna fafatawa, alhali kuwa yawancinsu sun san ba za su ɗaga kofi ba. Ra'ayina shi ne, duk ƙungiyar da ta fara kakar tsere, ta kuma kai ta ƙarshe tare da mutanenta, to ta ci riba, ko da ba ta kawo ko cokali gida ba.

Sunan wasan saikulokuros. In kana so ka gane shi da sauri, ka tuna da gudun ƙetare dajin nan da muke yi kowace shekara, sa'an nan ka ba kowane mai gudu keke. Akan kafa turaku a ja zare, a fitar da hanya mai tsawon kilomita 2 da rabi zuwa 3 da rabi, ta bi ta cikin ciyawa da taɓo da rairayi, ta hau tudu ta gangara kwari. A wani wurin akan gitta katako biyu waɗanda tsayinsu bai wuce santimita 40 ba, a wani wurin kuma matakala ce. In mahayi ya iso inda keke ba ya tafiya, sai ya diro, ya saɓa shi a kafaɗa, ya ruga da gudu, in ya wuce ya sake ɗarewa. Haka za a yi ta zagayawa, manyan maza wajen awa 1, samari 'yan shekara 17 da 18 kuwa minti 40. Keken ya yi kama da na tseren kan kwalta, sai dai tayoyinsa suna da haƙora don su kama ƙasa, kuma a manyan gasa ba a yarda faɗin taya ya wuce milimita 33 ba.

A Faransa aka fara shi. Mahayan can ne suka ga in hunturu ya shigo tseren kan titi yakan tsaya, jiki ya yi sanyi, sai suka riƙa ratsa gonaki da dazuzzuka don kada ƙarfinsu ya tafi. A 1902 aka yi gasar ƙasar Faransa ta farko, a 1950 kuma aka yi ta duniya ta farko a Faris, wani Bafaranshe mai suna Jean Robic ya cinye. Yau Beljiyam da Holan su ne gidan wasan. Erik De Vlaeminck na Beljiyam ya ci gasar duniya sau 7 tsakanin 1966 da 1973, kuma ba namijin da ya kamo shi sai a 2025, sa'ad da Mathieu van der Poel na Holan ya cika nasa bakwai ɗin. Cikin mata kuwa, Marianne Vos ta Holan ta ci na takwas ɗinta a 2022.

Waɗannan su ne manya, masu cin abinci da keke. A ƙarƙashinsu akwai ɗimbin mutane waɗanda sha'awa kurum ta kawo su, kuma su ne nake nufi da wannan rubutu. Bari mu ɗauki Ingila misali, inda yankuna da dama, kamar su Yorkshire da Wessex da Landan, kowanne yake da jerin gasarsa na shekara. In ka duba ƙungiya guda daga cikin masu shiga, za ka ga malamin makaranta, da kafinta, da ma'aikaciyar jinya, da dattijon da ya haura hamsin, da yaron da bai kai shekara 12 ba, duk riga iri ɗaya. Ba mai biyansu albashi. Su ne ma suke biyan kuɗin shiga, su sayi mai, su tuƙa kansu zuwa filin, wanda galibi lambun shaƙatawa ne, ko gonar wani, ko filin wata makaranta. Ana raba su aji aji bisa shekaru, yara su fara da safe, manya su biyo baya.

Kakar takan fara cikin Satumba, sa'ad da ƙasa take bushe, keke na gudu ba wahala. A ƙarshen watan ne ake yin tsohuwar gasar nan ta Duwatsu Uku a Yorkshire, wadda aka fara a 1961. Ita ba zagaye ake yi ba, tafiya ce ta wajen kilomita 61, ana hawan duwatsun Ingleborough da Whernside da Pen-y-ghent, inda hawan ya yi tsanani kuma keken na kafaɗa. Daga Oktoba zuwa Nuwamba ruwa ya sauka, fili ya zama caɓi, mahaya su rage iskar taya don kada ta yi sulɓi. Disamba da Janairu sanyi ya kai maƙura, taɓo ya daskare, yatsu su ƙage a kan birki. A arewacin Ingila rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma cikin Disamba, saboda haka wanda ya tashi daga aiki sai da fitila zai yi atisaye. To, a nan ne ake gane ƙungiya. Waɗanda zuga ta kawo su cikin Satumba sai ka neme su ka rasa, a bar masu haƙuri.

Dalilina na farko na cewa waɗannan masu haƙuri ba su yi asara ba, shi ne yadda ake ƙirga sakamako. A ƙananan gasa, da zarar na gaba ya gama, kowa ya ƙarasa zagayen da yake ciki shi ma ya gama, sai a jera mutane bisa yawan zagayen da suka yi. Wato ko an zagaye ka sau biyu, sunanka na cikin takarda, kana da matsayi. Sa'an nan ana tara maki mako mako, ba a bayyana gwani sai kaka ta ƙare. Saboda haka mai matsakaicin gudu wanda bai fashi zuwa ba yana iya shan gaban wani gwanin da ya zo sau biyu ya ɓace. Har ila yau makin da ka tara shi yake ba ka wurin tsayawa a layin farawa. Wanda ya fara kaka daga layin baya, in ya gama ta yana layi na uku, ya san abin da ya samu, ko ba a tafa masa ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Dalili na biyu, wasan yana koya wa mutum cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da caɓi ya yi yawa, taɓo kan cushe tsakanin taya da ƙarfen keke har tayar ta ƙi juyawa, ko giya ta karye. Don haka akan keɓe wani wuri a gefen hanya inda aka yarda a canja keke. Mahayi ya shigo a guje, ya saki mai datti, ya karɓi wankakke, ya wuce. Wanda ya karɓi mai dattin sai ya ruga ya wanke shi da ruwan sanyi, ya sa wa sarƙa mai, ya dawo ya tsaya kafin mahayin ya zagayo. Wannan mai wanki uban wani ne, ko matar wani, ko ɗan ƙungiyar da ya gama nasa tseren da safe. In kuwa keke ya lalace nesa da wurin canji, doka ba ta yarda ka koma da baya ba, sai ka saɓa shi ka yi gaba da ƙafa har ka isa. Bayan wannan, ƙungiyoyi ne suke karɓa-karɓar shirya gasa. Ranar da ta zo kanku, ku ne masu kafa turaku tun da duku-duku, ku ne masu tsige su da yamma, wani ma ranar ba zai hau keke ba sam. Mutanen da suka yi wata biyar suna yi wa juna irin wannan hidima, a ce sun tashi a tutar babu don ba su ci kofi ba?

Dalili na uku, daga irin waɗannan ƙananan filaye ne zakarun suke fitowa. A 1968, a Luksambag, Erik De Vlaeminck ya ci gasar duniya ta ƙwararru, ƙanensa Roger kuma ya ci ta masu sha'awa, domin daga 1967 zuwa 1993 kowane ɓangare da gasarsa. Bayan shekara 7, a 1975, Roger ɗin ya ci ta ƙwararru. Haka kuma Tom Pidcock, ɗan garin Leeds a Yorkshire, wanda ya fara tsere tun yana yaro, ya ci gasar duniya ta samari a 2017, ya ci ta manya a 2022. Da ba a sami dattijan da suke kafa turaku cikin sanyi don yara su yi tsere ba, ina irinsu za su koya? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san iyayenmu za su ce, wannan ai ɓarnar kuɗi ce da neman rauni. Maganar kuɗi gaskiya ce, ba zan musa ba. Mai keke biyu da mai wanke masa ya fi mai keke ɗaya galaba ranar caɓi, ko da ƙarfinsu ɗaya, kuma wannan aibi ne a wasan. Sai dai a ƙananan gasa akan bar mutum ya shiga da keken hawan dutse in shi yake da shi, kuma amfanin ƙungiya ke nan, a ara wa marashi taya, a ɗauki marar mota. Maganar rauni kuwa, ana faɗuwa ƙwarai, amma a rufaffen fili ake yi inda ba mota, gudun bai kai na kan titi ba, hular kwano dole ce, kuma yawancin faɗuwar a kan ciyawa da taɓo ne. Wani kuma zai ce, in an yabi na ƙarshe, wa zai wahalar da kansa ya zo na ɗaya? Amsa ita ce, kofi na nan, na ɗaya ne mai shi, ba wanda ya ce a raba. Amma cin nasa ba shi da daraja in ba mutum hamsin a bayansa.

To, 'yan'uwana, mu dawo gida. Ranar gudun ƙetare daji, mutum nawa ne suke tashi da ciwon ƙafar ƙarya? Nawa ne suke laɓewa bayan ɗakin kwana? Yawancinsu ba gudun suke tsoro ba, ihun da muke yi wa na baya suke gudu. Saboda haka ina roƙon malamin wasanni da shugabannin gidaje su duba abubuwa uku. Na ɗaya, duk wanda ya gama gudu a ba gidansa maki, ko da guda ne. Na biyu, a riƙa yin gudun sau da yawa cikin zango ana tara maki, kada a rataya kome a kan rana ɗaya. Na uku, ranar ba da kyauta a kira sunayen masu ba da ruwa da masu tsaron hanya, kamar yadda ake kiran na masu gudu. Ku kuma iyayenmu, in ɗanku ya rubuto ya ce ya zo na arba'in, kada ku ce masa ya daina ɓata lokaci. Ku tambaye shi na nawa ya zo bara, kuma zai sake fita baɗi?

Daga wani ɗalibi, Aji Huɗu.