Baƙo Raɓa Ne: Maigida da Uwargida a Birnin Roma

A watan Yuni na shekarar 2023 wani saurayi ya kai budurwarsa yawon buɗe ido a Roma, babban birnin ƙasar Italiya. Da suka shiga Kolosiyum, wato ƙaton filin wasan nan na Romawan dā, sai ya zaro makulli ya kama kankare sunansa da nata a jikin bango. Wani baƙo ya ɗauki hotonsa, hoton ya bazu a duniya, 'yan sanda suka gano ko wane ne. A lokacin, laifi irin wannan yana iya jawo tarar Yuro 15,000, ko ɗaurin da zai kai shekara 5. Daga baya saurayin ya rubuta takardar neman gafara, ya ce wai bai san ginin ya tsufa haka ba.

An buɗe ginin nan a shekara ta 80 bayan haihuwar Almasihu, a zamanin Sarki Titus. A lokacinsa yakan ɗauki 'yan kallo wajen 50,000. Kankaren abin kunya ne, amma maganar da saurayin ya yi ta fi ba mu tausayi. Ya biya kuɗin tafiya, ya tsaya a cikin ginin, ya taɓa shi da hannunsa, duk da haka bai gan shi ba.

Ra'ayinmu shi ne, miji da mata da suka sami zarafin hutu a babban birni kamar Roma, ya kamata su ga abu kaɗan, su gan shi sosai, su gan shi tare, su kuma bar garin yadda suka same shi. Bari mu faɗi dalilanmu.

Sauri ya haifi nawa

Mu ɗauki misali. Ga maigida da uwargida, sun daɗe suna tara kuɗi, yanzu sun sami kwana huɗu a Roma. Tun a gida maigida ya rubuta wurare ashirin a takarda. Da sassafe suna Kolosiyum. Kafin tsakar rana sun ratsa kufan tsohuwar kasuwa da fadodin sarakuna. Da la'asar suna layi a ƙofar gidan kayan tarihi na Batikan. Titunan tsohon gari kuwa da ƙananan duwatsu baƙaƙe aka shimfiɗa su, masu cin ƙafa. Idan a watan Yuli ko Agusta ne, ga zafin rana kuma.

Can sai uwargida ta ce, "Maigida, mu ɗan zauna, ƙafata ta kumbura." Shi kuma ya duba takarda ya ce, "Yi haƙuri, saura wuri uku." Ta yi shiru. Da dare kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Rana ta biyu haka, ta uku haka. Suka koma gida da hotuna ɗari biyar a cikin waya, amma idan ka tambaye su wace majami'a ce wannan, sai su dubi juna.

Ba mugunta ce ta sa maigidan nan ya yi haka ba. Tsoron asara ne. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Ido yana gajiya kamar yadda ƙafa ta ke gajiya. Bayan zane na hamsin, na hamsin da ɗaya bango ne kawai. Abin da ya fi muni kuma, mutumin ya manta dalilin tafiyar. Hutu suka zo yi su biyu. A gida aiki da yara da baƙi ba su barinsu su yi zance na minti goma. Yanzu da suka sami kwana huɗu, sai takarda ta shiga tsakaninsu.

Abin da mai haƙuri ya ke gani

Akwai wani gini a tsakiyar Roma da a ke kira Pantiyon. An gina shi wajen shekara ta 125, a zamanin Sarki Hadiriyan, aka mai da shi majami'a a shekara ta 609. Mai sauri yakan shiga, ya ɗaga waya, ya fita cikin minti biyar. Mai haƙuri kuwa zai nemi wuri ya zauna. Zai ga kubbar da faɗinta ya kai mita 43, an zuba ta da kankare irin na Romawa, babu rodi ko ɗaya a cikinta, har yau tana tsaye. Zai lura cewa babu taga a bango. Hasken yana shigowa ta wata babbar kafa a ƙoƙuwar kubba, yana tafiya a hankali a jikin ginin yayin da rana ta ke juyawa. Sai uwargida ta ce, "To, in an yi ruwa fa?" Su sunkuya su nemi amsa, su ga 'yan ramukan da aka huda a daɓe domin ruwan ya zurare. Wannan tambaya da wannan amsa, su ne za su tuna bayan shekara ashirin.

Haka kuma maɓuɓɓugar Trevi, wadda aka gama a shekarar 1762. Kowa ya san al'adar wurin: ka juya baya ka jefa kwabo ta kan kafaɗa, wai domin ka sake dawowa Roma. Amma nawa ne suka tambayi inda kuɗin ya ke zuwa? Ana kwashe su a kai wa ƙungiyar agaji ta Caritas domin taimakon matalautan birnin, a shekara kuwa sukan wuce Yuro miliyan ɗaya. Nawa ne suka tambayi daga ina ruwan ya fito? Wurin nan ne ƙarshen wata hanyar ruwa da aka fara haƙawa a shekara ta 19 kafin haihuwar Almasihu, mai tsawon kilomita wajen 20, yawancinta a ƙarƙashin ƙasa.

A ɗakin sujada na Sistin da ke Batikan, inda Mikelanjelo ya yi shekara huɗu yana zanen rufi, daga 1508 zuwa 1512, an hana ɗaukar hoto, an kuma hana surutu. Baƙi da yawa sukan yi gunaguni. Mu kam mun ga alheri ne a cikin dokar. Da ya ke waya ta koma aljihu, tilas mutum ya ɗaga kai ya yi amfani da idon da ya zo da shi. Hoton rufin nan yana cikin littattafai, ya kuma fi wanda kowane baƙo zai ɗauka kyau. Tsayuwa a ƙarƙashinsa kafaɗa da kafaɗa da matarka, wannan ba a sayar da shi a kanti.

Amma ai mun kashe kuɗi

Wani zai ce, "Kun faɗi naku. Mun biya biza, mun biya jirgi da masauki, wataƙila ba za mu sake zuwa ba har abada. Yaya za mu zauna a kan benci alhali akwai abin da ba mu gani ba?" Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Gumin mutum ne.

Amsarmu ita ce, ko wata guda aka ba ku ba za ku gama Roma ba. Majami'u kaɗai sun kai ɗaruruwa. Tun da ya ke lalle za a bar wani abu, ya fi kyau ku zaɓi abin da za ku bari da kanku, da a ce gajiya ce ta zaɓar muku. Har wa yau, mai sauri shi ne ya fi kashe kuɗi. Shi ne ya ke shiga tasi domin ya makara. Shi ne ya ke cin abinci a bakin dandali inda farashi ya ninka, gama ba shi da ƙarfin ƙara taku. Shi ne kuma 'yan sane su ke so, domin hankalinsa ya rabu a cikin cunkoson bas.

Da yawa daga cikin abubuwan daɗin birnin kyauta ne. Akwai famfunan ruwan sha wajen 2,500 a tituna, waɗanda mutanen gari su ke kira nasoni, wato "manyan hanci", saboda lanƙwasar bututunsu. Ruwan mai sanyi ne, mai tsabta. In ka toshe bakin da yatsa, sai ya yi tsalle ta wata 'yar huda a sama, ka sha ba tare da moɗa ba. Shiga majami'ar Bitrus kyauta ne, sai dai layin bincike. A kan tudun Janikulo kuma akan harba igwa kullum da ƙarfe 12 na rana, al'adar da ta faro a 1847 domin ƙararrawar dukan majami'u ta buga lokaci ɗaya. Daga can mutum yana hangen birnin duka, ba ya biyan ko kwabo.

Gari da masu shi

Akwai wani abu da mai hutu ya kan manta. Roma ba wurin kallo kaɗai ba ce. Gida ce ta mutane, waɗanda ba su kai miliyan 3 ba. A shekarar 2023 kuwa, waɗanda suka shiga Kolosiyum da kufan da ke kewaye da shi sun wuce miliyan 12. Gaskiya ne baƙi suna kawo ciniki, dubban iyalai da su su ke ci. Amma inda masu gidaje suka ga hayar kwana uku ta fi ta shekara riba, talakan gari shi ne ya ke kwashe kayansa ya koma bayan gari. Tsohuwar da ke zuwa kasuwa kuma a cikin bas ɗin nan ne za ta nemi wurin tsayawa.

Saboda haka hukuma ta yi ta kafa dokoki. Tun 2019 an hana zama a kan shahararriyar matakalar nan ta Dandalin Sifen, tarar kuwa tana iya kai Yuro 400. A watan Yuli na 2023 aka fara karɓar Yuro 5 a ƙofar Pantiyon. A ƙarshen 2024 aka ƙayyade yawan waɗanda za su sauka bakin ruwan Trevi a lokaci guda zuwa mutum 400. Kowace doka a cikin waɗannan, halin baƙi ko yawansu ne ya haife ta.

Masoya ma suna da nasu laifi. A gadar Milbiyo, samari da 'yan mata sun ɗauki al'adar ɗaura kwaɗo a jikin ƙarfen fitila su jefa makullin a kogi, wai alamar ƙaunarsu ba za ta kwance ba. A shekarar 2007 nauyin kwaɗuna ya karya ƙarfen. A 2012 ma'aikatan birni suka zo suka datse su. Ba mu taɓa jin auren da kwaɗo ya riƙe ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa takan sauka, ta sanyaya wuri, ta tashi, ba ta barin tabo.

Shawararmu

Ga waɗanda su ke shirin irin wannan tafiya, ga abin da mu ke ganin zai taimaka.

Na ɗaya, ku zauna tun a gida ku yi shawara. Maigida ya zaɓi wuri biyu, uwargida ta zaɓi biyu. Kada wani ya raina zaɓin wani, ko da kasuwar kayan miya ce ta ke so ta gani.

Na biyu, babban wuri ɗaya ya isa a rana. Ku sayi tikitin Kolosiyum da na Batikan ta intanet tun da wuri, gama akwai lokacin shiga a rubuce a jiki. Ku je da safe, ku huta da rana, ku taka a hankali da yamma yadda mutanen gari su ke yi.

Na uku, tafiyar mai rauni ita ce tafiyarku. Hawan kubbar majami'ar Bitrus taki 551 ne, ko an shiga na'urar hawa ma saura 320. In ɗaya ba zai iya ba, babu abin kunya a tsayawa ƙasa.

Na huɗu, ku san kuɗin da ke hannu, ku biyun, ku kuma yarda a kan abin da za a kashe kowace rana. Faɗan kuɗi a baƙon gari ya fi na gida ɗaci. Ku tambayi farashi kafin ku zauna, domin a shagunan shan kofi da yawa na tsaye da na zaune ba kuɗinsu ɗaya ba.

Na biyar, ku bi dokar masu gari. A majami'u ana so a rufe kafaɗu da gwiwoyi. Ba a shiga ruwan maɓuɓɓuga. Ku koyi gaisuwa da godiya da harshensu, ko kalma biyu ce.

Na shida, ku keɓe yini guda da babu takarda, babu tikiti. Ku bi duk titin da ya yi muku kyau, ku zauna inda kuka ga inuwa, ku yi zancen da kuka daɗe ba ku yi ba.

An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma sai ga wanda ya tsaya ya duba. Idan kun dawo, maƙwabta za su tambaya, "Me kuka gani?" Muna fata maigida zai fara ba da labari, uwargida ta karɓe ta ƙarasa, gama abu ɗaya suka gani.