Bango ba ya gadin mace

Duk shekara, in 25 ga watan Nuwamba ta ƙarato, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1999 domin yaƙi da cin zarafin mata, sai sabbin zane-zane su bayyana a bakin manyan tituna. A ɗauko mai fenti, a miƙa masa hoto da taken Faransanci, ya kwafa a bangon makaranta, a jera tambarin masu ba da kuɗi a ƙasa, a ɗauki hoto, a watse. Da almuru, yarinyar da ke dawowa daga talla ta bi gefen bangon da sauri, kanta a sunkuye kamar kullum. Lungun da take tsoro yana can bayan tasha, babu fitila, kuma ba wanda ya tambaye ta inda yake.

Masu cewa wannan ɓarnar kuɗi ce sun faɗi gaskiya. Inda suka kauce hanya shi ne ɗora laifin a kan fasahar kanta, wai zane ba ya tsinana wa mace komai. Alhali matsalar ita ce an yi zanen domin mata ba tare da mata ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo.

Ƙasar Indiya ta nuna wata hanya. A 2003, wata ɗalibar makarantar fasaha a birnin Bangalor, Jasmeen Patheja, ta kafa Blank Noise domin yaƙar tsangwamar da mata ke sha a titi. A 2012 ƙungiyar ta zaɓi wani lungu da mata ke gudu saboda mugun sunan da ya yi, ta jera tebura da kujeru a cikinsa. Kowace ƴar sa-kai ta gayyaci mai wucewa, wanda ba ta taɓa gani ba, suka zauna fuska da fuska ana shan shayi ana hira. Ba a shafa fenti ko ɗigo ba. Aikin fasahar shi ne zaman kansa: mutanen unguwa sun ga mata zaune, ba sauri, a wurin da aka saba ganin su suna gudu.

A watan Disamba na wannan shekarar aka yi wa wata ɗaliba mai shekara 23 fyaɗe a cikin bas a Delhi, ta rasu bayan kwana goma sha uku. Cikin fushin da ya biyo baya, mai zane Shilo Shiv Suleman ta kafa Fearless Collective. Tsarinsu shi ne a fara zama da matan unguwa, su faɗi abin da ke ba su tsoro da yadda suke so a gan su, sannan su riƙe buroshi da hannunsu su zana bangon, kwana da kwanaki, a idon kowa. Amfanin yana cikin waɗannan kwanakin fiye da hoton da ya rage, domin wanda ya kawo musu tsani, da wadda ta kawo musu ruwa, duk sun zama masu haƙƙi a wurin.

Wasu za su ce wannan baƙuwar al'ada ce. Sai su zaga unguwar Birni a Damagaram, su dubi zanen da magina suka yi a fuskokin gidaje tun zamanin kakanni. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa bango na magana. Sabon abin kawai shi ne a bar mace ta faɗi tata a kansa. Wasu kuma za su ce maganin shi ne mace ta zauna gida. To wa zai ɗebo ruwa a famfo, wa zai kai fura kasuwa, wa zai raka mai naƙuda asibiti da tsakar dare? Ranar 13 ga watan Mayu 1991 ma, a kan titunan Yamai mata suka nemi kujerunsu a kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma wannan ranar ce ƙasa take tunawa duk shekara a matsayin ranar matan Nijar.

Akwai kuma ƴan fada, waɗanda ake yawan zargi a dunƙule. Samarin da ke kwana kewaye da butar shayi su ne idon titi da dare. Su suka san wanda ke laɓewa da wanda ke bin yarinya a kan babur. Aikin da ya ware su ya rasa masu gadinsa. Aicha Macky, a fim ɗinta Zinder na 2021, ta shiga unguwar Kara-Kara ta saurari samarin da gari ke tsoro. Abin da mace ɗaya ta yi da kyamara, ƙungiyar unguwa za ta iya yi da tabarma da gwangwanin fenti.

Duk da haka, kada a ruɗi kai. Zane ba ya kunna fitila, ba ya kama mai laifi, ba ya zama alƙali. Aikinsa shi ne ya tara mutane, ya fito da abin da kunya ta rufe. In zaman ya ƙare ba tare da an rubuta jerin lungunan duhu an kai wa magajin gari ba, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Nan ne nauyi ya hau kan malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, tunda bangon makarantu da na gidajen matasa a hannunsu yake. Duk wanda ya zo da fenti da kuɗi, a yi masa tambaya uku kafin a ba shi bango: su wa suka zaɓi wurin, su wa za su riƙe buroshi, kuma wa zai bi maganar fitila bayan an watse? In amsa ba ta fito ba, malama ta ɗauki alli, ta zana taswirar unguwa a kan allo, ta kira ɗalibanta mata ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta nuna hanyar da take kewayewa in za ta gida.