Kwamfuta Ta Taimaka, Ƙwararre Ya Tabbatar

A ɗakin gwaji, ana zuba wa kakin mai tari wani rini da ke sa ƙwayoyin tarin fuka su yi ƙyalli a madubin likita. Wani lokaci hoton yakan fito dishi-dishi. Yanzu masana suna horar da kwamfuta da dubban hotuna har ta iya fayyace shi.

Muna fatan wannan fasaha ta iso asibitocin Birnin Kebbi da Argungu. Amma kwamfuta takan ƙara abin da babu a hoto, har a ɗora wa mai lafiya maganin wata shida. Saboda haka dole ƙwararren ma'aikaci ya duba kafin a ba da sakamako. 'Yan uwa ɗalibai, mu dage da darasin kimiyya, domin gobe mu za mu zauna a kujerar nan.