In Kiɗa Ya Sauya, Ina Makomar Makaɗi?

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wannan magana ta tabbata a Izom da Lambata da Suleja, da sauran garuruwan da ke bakin hanyar Minna. Duk mai zuwa bikin aure a waɗannan wurare ya san abin da ake gani yanzu: janareta a gefe, manyan lasifikoki, da saurayi guda gaban kwamfuta, wanda ake kira Dije. Shi kaɗai ke yin aikin da a da sai an tara makaɗa da maroƙa da 'yan amshi.

Dattawa da yawa sun ɗauka wannan kiɗa na na'ura wani baƙon abu ne da Turawa suka turo. Gaskiya ne Turawa suna da hannu a farkonsa. A Jamus aka kafa ƙungiyar Kraftwerk a 1970, kuma a can ne Giorgio Moroder ya haɗa wa Donna Summer wata waƙa a 1977 wadda kusan duk kiɗanta na'ura ce ta yi. Amma fa waɗanda suka mai da shi kiɗan rawar jama'a, baƙaƙen fata ne na Amurka.

Ga yadda abin ya faru. A 1980 kamfanin Roland na Japan ya fito da wata na'urar kiɗa mai suna TR-808. Ba ta yi kasuwa ba, domin makaɗa sun ce amonta bai yi kama da ganga ta gaske ba, har aka daina ƙera ta a 1983. Da ita da 'yan'uwanta suka faɗa kasuwar gwanjo, samari marasa hali suka saye su da araha. A birnin Shikago, kiɗan da ake kira House ya sami sunansa daga gidan rawa na Warehouse, inda Frankie Knuckles ya fara sa faifai a 1977. A Ditiroit kuwa, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka fito da Techno. Daga House ne 'yan Afirka ta Kudu suka tsiro da Kwaito a shekarun 1990, sa'an nan Amapiano, wanda ya cika Nijeriya.

Afirka ta Yamma ma ba a bar ta a baya ba. Tun a 1978 Mamman Sani ya yi kaset a Yamai da fiyanon lantarki, yana bin amon waƙoƙin gargajiya na Nijar. A Kano, ɗakunan ɗaukar sauti irin su Iyan Tama suka sayo fiyanon Yamaha a shekarun 1990, don yi wa finafinan Hausa kiɗa. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna cewa mutum guda da fiyano ya isa ya motsa ƙasar Hausa baki ɗaya. A wannan shekara ce kuma Alhaji Mamman Shata ya rasu, mutumin da ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu.

To, a nan gizo ke saƙa. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matsa shi a hammata, amonsa ya hau ya sauka kamar muryar mutum. Mahauta suna da takensu a kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma. Makaɗin gari ya san ɗan gidan wane ne ya shigo fili, nan take ya buga masa taken kakansa. Fiyano na iya kwaikwayon amon kalangu, amma bai san kowa ba a Izom.

Daɗin daɗawa, kiɗa sana'ar gado ce, ɗa yana koyo ne a gefen ubansa a wurin biki. In an daina kiran uban, ɗan zai kama acaba ko ya tafi Abuja leburanci, taken kuwa ya bi tsohon kabari. Makaɗan fada suna da sauƙi, tun da sarauta na riƙe da tambari da kakaki. Makaɗan talakawa, na Hausawa da na Gbagyi, su ne ba su da madogara.

Hana kiɗan Dije ba zai yi magani ba. Ya fi araha, samari kuma suna sonsa, wanda ke kan kwamfutar ma abincinsa yake nema. Abin da ya kamata shi ne a bi sawun Mamman Sani, wanda ya sa na'ura ta yi wa kiɗan gida hidima.

Na farko, masu ɗakunan ɗaukar sauti su riƙa kiran makaɗa na gaske su buga, a ɗauka, a biya su haƙƙinsu, a ambaci sunansu. Na biyu, Gidan Rediyon Jihar Neja da ke Minna, tare da Majalisar Masarautar Suleja da Ƙaramar Hukumar Gurara, su bi gari gari su ɗauki taken da ke hannun tsofaffin makaɗa tun suna raye. Na uku, iyayen biki su ware wa makaɗin gari ko da sa'a guda kafin a tada janareta. Kuɗin da za a ba shi bai kai na man da ake ƙonawa a dare ɗaya ba.

Ganga in ta fashe, ana sake mata fata. Take in ya ɓace, babu kasuwar da za a sayo shi. Allah ya sa hukumomi da masu biki su farga.