Safari da Safara: Aikin da Ke Jiran Manazarta Hausa a Dajin Yankari

Kalmar safari, wadda kamfanonin yawon buɗe ido na duniya suke tallata hajarsu da ita, kalmar Suwahili ce mai nufin tafiya, ita kuwa Suwahili ta aro ta ne daga safar ta Larabci. Daga wannan tushen ne Hausa ta sami safara. Uwa ɗaya ta haife su, sai dai kowace da inda rabo ya kai ta. Ta Suwahili ta shiga Ingilishi tun ƙarni na 19, ta zama sunan tafiyar kallon namun daji a duk inda ake yin ta. Tamu kuwa, wadda a da take nufin jigilar haja daga gari zuwa gari irin ta fatake, yanzu ba a cika jin ta ba sai a labaran rediyo, a haɗe da miyagun ƙwayoyi ko makamai ko bil'adama.

Ba tarihin kalma kaɗai ya sa na soma da wannan ba. Wanda ya duba yadda Kenya da Tanzaniya suka tsara wannan sana'a zai ga cewa harshe yana cikin kayan da ake sayarwa. Baƙo yakan kwana uku ko huɗu a Serengeti ko Masai Mara, ya kalli ƙaurar nyumbu, wata dabba dangin su kanki, waɗanda fiye da miliyan ɗaya suke kewaya dajin kowace shekara tare da jakunan dawa. Daga nan jirgi ya sauke shi a Zanzibar, ya huta a bakin teku, ya zaga lungunan tsohon birnin da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2000. Kafin ya koma gida ya san zaki simba ne, giwa tembo, raƙumin dawa twiga, ya kuma san karibu ake cewa a marabci mutum. Ba a aji ya koya ba. Direban da ya ɗauke shi ne malaminsa. Sa'ad da UNESCO ta ware 7 ga Yuli ta zama ranar Suwahili ta duniya a 2021, kunnuwan mutane da yawa a Turai da Amurka sun riga sun saba da amon harshen, kuma waɗannan direbobi suna da kaso a cikin ladan.

Ƙasar Hausa ba ta da teku, don haka babu amfanin yi wa Zanzibar kishi a kan farin yashi. Dawa kuwa muna da ita, ko in ce muna da ragowarta. Gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Kogin Gaji ne jijiyarsa, kuma da rani, idan ruwa ya janye daga sauran wurare, a gefensa dabbobi suke taruwa. A can ne ɗaya daga cikin garkunan giwaye na ƙarshe a Nijeriya yake, tare da ɓauna da dorina da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, ga kuma bika da suka mayar da masaukin baƙi gidansu. Akwai maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumin da ba ya sauyawa, wajen digiri 31 dare da rana. Yawancin masu zuwa ita suke nema, su yi wanka, su ɗauki hoto, su koma.

Ra'ayina shi ne wannan daji, da 'yan kaɗan ɗin da suka rage irinsa, wurin bincike ne na masu nazarin Hausa kamar yadda yake na masu nazarin dabbobi, kuma mun yi sakaci da shi. Na taɓa tambayar wani aji na ɗaliban shekarar ƙarshe bambancin gwanki da kanki. Dukkansu sun san kirarin gwanki sha bara, wasu ma sun yi rubutu a kansa a jarrabawar adabin baka, amma babu wanda ya iya siffanta ƙahonsa. Ɗaya ya ce ai duk barewa ce. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma sai da na girma na ga gwanki da idona, na ga tsayin kunnuwansa da baƙi da farin da ke fuskarsa, sannan na fahimci abin da maroƙi yake nufi in ya jingina wa basarake wannan suna. Muna koyar da kirarin ɓauna da toron giwa, muna fiɗar karin magana a kan barewa da ɗanta, muna nazarin tatsuniyar kura da dila, alhali dabbobin da aka gina wannan adabi a kansu sun bar dazuzzukanmu, sun bar mu da sunaye. Kalmar da babu abin da za a nuna da ita takan zama kwanson gyaɗa: siffar tana nan, ƙwayar ta tafi.

Ƙamusoshinmu sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Bargery a 1934 da Abraham a 1949 sun tattara sunayen dabbobi masu yawa a zamanin da maharba suke cike da ƙauyuka, Dalziel kuma tun 1916 ya yi wa itatuwa da tsirrai irin wannan hidima. Sai dai ƙamus suna yake adanawa da taƙaitaccen bayani. Ba ya ɗauke da abin da maharbi ya sani: yadda ake bambance sawun wannan da na wancan, sunan namiji da na mace da na ɗa, abin da ake kiran kukan kowace dabba, camfe-camfen da ke tattare da harbin wasu, da sunan da ake sakaya wata da shi in an shiga daji don kada a ambace ta. Wannan ilimi yana ƙirjin tsofaffi a ƙauyukan da ke kewaye da gandun, da kuma wasu masu gadin daji da suka gaji sanin dawa daga iyayensu. Ya kamata a tuna cewa yankin Alkaleri gida ne ga al'ummu masu harsunansu na gado, Hausa harshen cuɗanya ce a tsakaninsu. Wannan ma riba ce ga mai bincike, domin a irin wannan mahaɗa ne ake ganin wace kalma Hausa ta ara, wace kuma ta bayar.

Na san wani zai ce wannan aikin ma'aikatar yawon buɗe ido ne, ba na sashen harshe ba. Amsata tana cikin sunan da Hausa ta raɗa wa abin. Ba ta tsaya ga yawon shaƙatawa ba, ta ce yawon buɗe ido, wato tafiyar da mutum zai dawo daga gare ta ya san abin da bai sani ba. Wa zai buɗe wa ɗan makarantar Azare ko Gusau ido in ya je Yankari? Da wane harshe? In ɗan jagora zai ce masa wannan gwambaza ce, ga dalilin da ya sa ba ta nisa da ruwa, ga abin da magabata suka ce a kanta, to wani ne zai tattara wannan bayani, ya tantance shi, ya daidaita rubutunsa. Ma'aikata tana iya gina ɗakin kwana da gyara hanya, amma wannan ba ta da ma'aikatansa. Mu ne muke da su, muna kuma tura su kowace shekara su sake rubuta kundin digiri a kan jigo da salo a littattafan da aka riga aka tatse.

Akwai wani dalili da ya sa nake ganin baƙon gida ya fi cancantar a gina wannan sana'a a kansa. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai garken raƙuman dawa na ƙarshe na irin Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal suka rage. Da kulawa da haɗin kan manoman yankin suka haura 600. Labari ne mai daɗi, kuma Turawa sun yi ta zuwa kallo. A ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu a wurin, ƙafar baƙin waje ta ɗauke, 'yan jagora suka rasa abin yi. Sana'ar da ta dogara ga mai zuwa daga nesa, rana ɗaya takan rushe ta. Salon gabashin Afirka ma da nake yabo yana da tabonsa: rikicin Loliondo na 2022, inda aka raba Masai da wani yanki na makiyayarsu da sunan kare namun daji, ya nuna yadda ake iya sa hoton mutum a takardar talla a kuma kore shi daga ƙasarsa.

Bukukuwanmu sun tsira daga wannan ne saboda masu su ne 'yan kallonsu na farko. UNESCO ta amince da bikin kamun kifi na Argungu a 2016, ta amince da hawan sallar Kano a 2024, amma ko Bature bai zo ba za a hau, kuma yaron da aka ɗora a wuya a Ƙofar Kudu zai tashi ya san lifidi da kwalkwali da algaita, domin ya gani, an kuma faɗa masa sunansu. Dawa ce ba ta sami wannan gata ba.

A 2018 an kwashi raƙuman dawa takwas daga Kure aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka yi kusan shekara hamsin da ɓacewa. Ke nan akwai tsofaffi a wannan yanki da suka san dabbar a ƙuruciyarsu, akwai kuma jikokinsu da suka fara ganinta yanzu. Ina fata wani daga jami'ar Maraɗi ko ta Sakkwato zai ɗauki na'urar naɗar magana ya je ya zauna tsakanin waɗannan biyun, ya ji abin da kakan yake faɗa wa jikan, tun kakan yana da ƙarfin yin magana.