Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Sanin kowa ne cewa ɗan Arewa mazaunin Kurmi, in ban da Allah, ba shi da gatan da ya wuce ƙungiyarsa. Tun daga Sabo ta Badun zuwa Agege da Idi-Araba a Ikko, har Ama Hausa ta Owerri, ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da na 'yan kasuwa da 'yan agaji su ne ke saukar baƙo, su kai majinyaci asibiti, su yi belin wanda aka tsare, su haɗa wa wanda jarinsa ya karye kuɗin mota. Dukansu aikin sa kai suke yi, babu mai karɓar ko anini.

Abin takaici shi ne, galibi duk wannan ɗawainiya tana rataye ne ga littafi guda da ke cikin jakar sakatare. In ya tafi gida noma, ƙungiya ta tsaya cik sai kaka. In kuwa ta Allah ta kasance a kansa, sai lissafi ya bi shi, a bar jama'a da zargin juna.

Mu tuna rikicin kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021, inda aka ƙone rumfuna da gidaje, jama'a suka watse. A irin wannan rana wuta ba ta bambanta buhun albasa da littafin ƙungiya. Wadda ta adana sunayen mutanenta a intanet ita ce za ta iya faɗin wanda ya tsira, da wanda ba a gani ba, da wanda ya cancanci gudummawa. Haka kuma ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna wa masu tara kuɗi hannu da hannu iyakarsu. Har ila yau, rajistar ƙungiya a hukumar CAC ta intanet ake nemanta, kuma banki kan bukaci takardar rajista kafin ya buɗe asusu da sunan ƙungiya.

To, mene ne abin yi? Da farko, kowace ƙungiya ta mallaki waya da layi nata na kanta, waɗanda ba na shugaba ba ne. Na biyu, a buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku, a riƙa karanta shige da ficen kuɗi a gaban taro. Na uku, a ware matasa biyu, har da mace, a biya musu kuɗin koyon kwamfuta, su kuma su koya wa saura. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 domin horas da mutum miliyan 3. Kada 'ya'yanmu na Sabo su zama 'yan kallo. Wanda bai yi boko ba kuwa, saƙon murya da Hausa ta WhatsApp ya wadatar da shi.

Wasu dattawa na tsoron kada yara su ƙwace ragama. Ai riƙe waya ba riƙe sarauta ba ne. Shawara tana nan a hannun manya. Abin tsoro na gaske shi ne sakaci, domin sunayen jama'a da lambobinsu amana ne, kuma lambar sirri ba a faɗa wa kowa ita, ko da ya ce daga banki yake.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyi da su sa wannan magana a taronsu na gaba, tun ana zaune lafiya. Allah Ya sa mu dace.